Fastar ɗan takarar majalisa: aikin da ke bayan hoton

A zaɓen majalisun tarayya, mai jefa ƙuri'a ba ya ganin fuskar ɗan takara ko sunansa a takardar ƙuri'a. Alamar jam'iyya da harufan sunanta kawai yake gani. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, takardu uku aka miƙa wa kowa, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, ga jam'iyyu 18 a fage. Jihar Kano kaɗai tana da kujerun sanata 3 da na wakilai 24. Don haka mu a wannan maɗaba'a, aikin fasta a wurinmu shi ne ta haɗa fuskar mutum da alamar da za a dangwala masa. Tsintsiyar APC, lemar PDP, kwandon kayan marmarin da NNPP ta shiga zaɓen da shi, dole su fito sak yadda tsohuwa za ta gan su a rumfar zaɓe. Ba ma yarda alama ta gaza tafin hannu a fasta mai girman A2, ko da mai aiki ya so hularsa ta cinye wurin.

Launi huɗu ake bugawa: shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowanne da farantinsa, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da hoton a inji. A injin Kord 64 mai launi ɗaya, takarda sai ta ratsa sau huɗu, kuma in faranti ɗaya ya goce da ko rabin milimita, idon ɗan takara zai fito biyu-biyu, haƙarƙarin lema ya dushe. Shi ya sa manyanmu suka koya mana a fara da gwaji, a duba 'yan gicciyen da ke gefen takarda, masu nuna ko launukan sun hau kan juna daidai, da madubin ƙara girma kafin a saki inji. Jan hula yana son cikakken ja da cikakken rawaya a haɗe. Masu aikin araha suna rage tawada, sai rana ta doke shi mako biyu ya koma ruwan hoda, domin ja da rawaya su ke fara kodewa.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta buɗe yaƙin neman zaɓen 2023 kwana 150 kafin ranar ƙuri'a, ke nan tsakiyar aiki ya faɗa cikin hunturu. Busasshiyar iska tana nannaɗe bakin takarda, tana manne su biyu-biyu, ƙura kuma tana bar wa hoto fararen ɗigo. Rim ɗin takarda, mai 500, ba a buɗe shi sai zai hau inji, kuma a kaɗa shi da hannu iska ta shiga.

Takarda mai sheƙi giram 115 ita ce daidai bango. Mai kauri tana ƙin shan sitaci, ta ɓamɓare da kanta. Farar takardar rubutu da masu aikin araha ke amfani da ita kuwa, tawada take sha har fuska ta yi duhu. Sai wakilin ɗan takara ya zo yana cewa, "Malam, can an ce mini rabin kuɗin nan." Mu kan ce ya kawo samfurinsu a jera a rana tare da namu.

Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya matse, fashewa yake in an buɗa shi. A turo shi a matsayin fayil, ko a kawo na asali daga wurin mai hoto.

Kuma kada a buga dubbai da alamar jam'iyya kafin a gama zaɓen fid da gwani. Wanda ya sha kaye yakan sauya sheƙa cikin mako guda, takardun su tashi a banza. Mu kan buga kaɗan na neman tikiti, babban aiki kuma sai INEC ta fitar da jerin sunaye na ƙarshe. A kawo shi da sauran mako uku, tawada ta samu ta bushe tsakanin launi da launi.