Ranar da jikina ya yi mini ƙarya a cikin hazo

Awa hamsin da 'yan kai ke cikin littafin tashina a lokacin. Abu ɗaya ya rage mini kafin jarrabawar lasisin tuƙin jirgin sama: doguwar tafiya ni kaɗai, daga filinmu zuwa wani fili da ke arewa da mu, in sauka, in sa a buga mini hatimi, in dawo. Sau uku ana ɗage tafiyar saboda hazo. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama, abokan karatuna biyu sun riga sun yi tasu tun kafin ƙura ta sauko. Kullum na kira gida sai Baba ya ce, "To, ya ake ciki, an gama?" Sai in ce saura ƙiris.

Da safen ranar rahoton yanayi ya ce ana iya hangen kilomita 8 a filayen biyu. Ƙa'idar tashi da ido a irin tsayin da muke bi kilomita 5 ce, ke nan na wuce ta. Malamina ya duba lissafin maina da taswirata, ya sa hannu, sannan ya riƙe biron bai ba ni ba tukuna. Ya ce, "In ka daina ganin layin da ya raba sama da ƙasa, ka juyo. Ba wanda zai tambaye ka dalili." Na ce, "To, Kyaftin." Na faɗe ta ne irin yadda yaro ke amsa wa uwarsa alhali ƙafarsa ɗaya tana waje.

Jirgin Cessna 172 ne, mai kujera huɗu da inji ɗaya. Na zagaye shi kamar yadda aka koya mana. Na tsiyayi mai daga ƙarƙashin kowane fiffike cikin 'yar kwalbar gwaji, na ɗaga ta sama ina dubawa. Man irin waɗannan jirage shuɗi-shuɗi ne, in akwai ruwa a ciki sai ya kwanta a gindin kwalbar kamar ƙwayar tsakiya. Babu ko ɗigo. Na hau na buɗe murfin tanki na zura sandar awo, domin an hana mu yarda da geji shi kaɗai. Da na sauko na ga tafin hannuna ya yi fari fat da ƙurar da ta kwanta a kan fiffike cikin dare ɗaya. Na goge a jikin wandona na shiga. Yau in na tuna, wannan ƙurar ta faɗa mini abin da takardar yanayi ba ta faɗa ba.

Minti talatin na farko lafiya lau. Ina ƙafa 5,500, kwalta tana miƙe a ƙarƙashin fiffikena na hagu, ina ganin gonakin da aka girbe da tarin kara. Sannu a hankali rana ta koma kamar farin faranti, har ana iya kallonta ido da ido. Hazon hunturu mayaudari ne ta wata fuska da wanda bai tashi a cikinsa ba zai yi wuya ya gane: in ka leƙa ƙasa kai tsaye kana ganin komai, har rufin kwano da shanu, amma in ka dubi gaba sai toka. Ganin ƙasan nan shi ke sa ka ce ai har yanzu ina gani. Layin da Kyaftin ya yi magana a kai ya riga ya ɓace mini, na sani sarai, amma na ce bari in ƙara kaɗan ko gaba ta washe. Na sauko zuwa ƙafa 4,000 don in riƙe kwaltar.

Taswirata ce ta zame daga cinyata ta faɗi kusa da feda. Na sunkuya na ɗauko, na ɗago kai. Ban ji komai ya canja ba, ina zaune daram. Abin da na fara lura da shi ƙara ce: kukan inji ya hau, iska tana shuu a jikin gilashi fiye da da. Na dubi agogon tsayi na ga allura tana komawa baya. Sai na yi abin da hannu ke yi da kansa, na jawo sitiyari. Maimakon jirgin ya hau, sai na ji nauyi ya danna ni cikin kujera, gudu kuma ya ƙaru. A lokacin ne idona ya kai kan agogon da ke nuna karkatar jirgi. Ya nuna na kwanta hagu fiye da digiri 40, hanci yana ƙasa.

Wallahi tunanin farko da ya zo mini shi ne agogon ya lalace. Duk jikina yana rantsuwa cewa a miƙe nake. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne na dubi maƙwabtansa: kamfas yana ta juyawa, agogon kwana shi ma ya kwanta hagu. Shaidu uku sun haɗu a kan magana ɗaya. Na tuna jerin da muka maimaita da Kyaftin sanda yake rufe mini ido da hular horo: rage totur, daidaita fukafukai, sannan a ɗago hanci a hankali. Na yi hakan ina ta "Innalillahi". Da fukafukan suka daidaita a agogo, sai jikina ya ce yanzu kuma na karkata dama, har na tsinci kaina ina jingina da ƙofar hagu don in "gyara zama". Na rasa kusan ƙafa 900. Ƙasar yankin kanta tana da tsayin kusan ƙafa 2,000 daga teku, sai mai karatu ya yi lissafin abin da ya rage.

Muna cewa jiki magayi, kuma a ƙasa gaskiya ne. A cikin hazo kuwa jiki maƙaryaci ne, dalilin yana cikin kunne. Can ciki akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. In juyin ya yi sanyi sosai, ƙasa da kusan digiri 2 a daƙiƙa, ba sa jin sa. In kuma kwanar ta daɗe kamar daƙiƙa ashirin a gudu ɗaya, ruwan sai ya daidaita da bututun, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an daina juyawa. Kullum ido ne ke gyara wannan kuskure ba tare da mun sani ba. Ka ɗauke wa ido abin dubawa, shi ke nan. Jan sitiyari a cikin irin wannan kwana ƙara matse ta yake yi, jirgi ya riƙa murɗawa ƙasa kamar ruwa a mazurari. A shekarar 1954 Jami'ar Ilinoi a Amurka ta gwada matuƙa ashirin da ba su da horon tuƙi da agogo, aka rufe musu gani a cikin jirgi. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Bai kai minti uku ba.

Haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a daren 16 ga Yuli, 1999. Ya tashi daga jihar Niu Jasi a jirgin Piper Saratoga tare da matarsa da yayarta, ya bi ta kan teku cikin duhu da hazo zuwa tsibirin Martha's Vineyard. Ba shi da takardar tuƙi da agogo. Masu bincike ba su sami wata matsala a jirgin da za ta jawo faɗuwar ba, suka ce ruɗewar jiki ce a sararin da babu alamar sama ko ƙasa. Na karanta wannan rahoto tun kafin tafiyata, har na amsa tambaya a kansa a aji. Sanin bai hana ni ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Na yi kwana zuwa baya a hankali, digiri 3 a daƙiƙa, minti ɗaya cif, idona bai bar agogo ba. Na kira hasumiyar filin jirginmu na ce zan dawo saboda hazo. Mutumin ya amsa da murya irin ta kullum, ya ba ni lambar matsin iska da titin sauka. Ko alamar mamaki babu. Wannan kiran da na yi ta gudu na tsawon minti goma, bai ɗauki daƙiƙa goma sha biyar ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni juyawa tun farko. Ba jahilci ba ne, tunda an gaya mini da safen nan. Kunya ce. Kunyar in sauko in tarar da abokaina a inuwar rumfar jirage su ce "har ka dawo?" Kunyar kiran Baba. Mu da aka rena a kan cewa namiji ba ya fasa abin da ya sa gaba, wannan tarbiyya tana da amfani a wurare da yawa, amma a cikin ƙaramin jirgi tana iya kai mutum kushewa. Turawa matuƙa suna da suna na musamman ga wannan cuta ta sai-na-isa, kuma tana cikin rahotannin haɗari da yawa: ɗaurin aure, taro, baƙon da ke jira, kuɗin hayar jirgi da aka riga aka biya.

Ranar ba ta gama da ni ba. Da na iso fili hannuna yana rawa, na makara wajen kwanar ƙarshe ta fuskantar titi, iska kuma tana tura ni ta baya, sai na zarce layin tsakiya. Ƙafata ta kai kan feda za ta tankwaso hancin jirgin da ƙarfi. A nan ne matuƙa da yawa suka mutu, a rana tsaka, sama garau, titi yana gabansu. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin bayansa sumul. In kusurwar da yake saran iska ta yi yawa, sai ɗaukar ta yanke. A Cessna 172 mai cikakken kaya, ba a sauke faifan da ke bayan fiffike ba, hakan na faruwa in gudu ya ragu zuwa wajen not 48, wato kusan kilomita 89 a awa, in ana tafiya a miƙe. A kwana mai digiri 60 nauyin da ke kan fiffike yana ninkawa biyu, gudun da ɗaukar ke yankewa kuma ya hau da kusan kashi 40 cikin 100. In aka haɗa da taka feda ba daidai ba, fiffike ɗaya ya riga ɗaya yankewa, jirgi ya kife ya fara juyi. A ƙafa 400 babu sararin farfaɗowa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana cewa kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi shi ne na ɗaya a sanadin mutuwa a ƙananan jirage. Na ɗauke ƙafata, na tura totur gaba, na zagayo na sake gwadawa. Saukar ta biyu ba ta yi kyau ba, amma tayoyi uku suka taɓa kwalta.

Mutane in sun ji ƙaramin jirgi ya faɗi sukan ce inji ne ya mutu. Yana faruwa, sai dai jirgin da injinsa ya tsaya bai zama dutse ba. Irin namu yana iya lulawa kusan mita tara gaba a kowace mita ɗaya da ya sauka, in matuƙi ya riƙe gudun da ya dace ya nemi fili. Sau da yawa ma injin lafiyarsa ƙalau, mai ne ya ƙare, ko an bar makunni a kan tankin da ya bushe. Akwai kuma zafi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Iska mai zafi ba ta da kauri. Filin Kano yana wajen ƙafa 1,560, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 jirgi yana jin kamar yana tashi daga kusan ƙafa 5,000. Ka cika kujeru huɗu da manya, ka cika tanki, ka ɗora jakunkuna, titin da ya ishe ka da asuba ba lallai ya ishe ka da azahar ba.

Wani sanadin kuma ba ya wari ba ya launi. Masu kallon ƙwallo za su tuna Emiliyano Sala, wanda jirgin Piper Malibu da ya ɗauko shi daga Nant ta Faransa zuwa Kadif ya faɗa teku a daren 21 ga Janairu, 2019. An sami iskar kabon monoksayid mai yawa a jininsa, irin wadda ke fitowa daga salansa, kuma matuƙin ba shi da izinin tashin dare ko ɗaukar fasinja na kuɗi. A ƙananan jirage na'urar ɗumama ɗaki daga jikin salansa take ɗebo zafi, tsaga kaɗan ta isa. Tun da na karanta wannan ban sake tashi ba tare da 'yar na'urar gano iskar a gabana ba. A nan gida ma haɗarin ƙananan jirage ba baƙo ba ne: mun ga gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, wanda jirgin Cessna 208 da yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola da yammacin 25 ga Oktoba, 2012. Ya rayu da munanan raunuka har Allah ya karɓi ransa a 2017.

Na yi imani da ƙaddara, kuma na san kwana in ya ƙare babu makawa. Amma ba na son yadda muke rufe kowane haɗari da "tsautsayi ne" mu tashi. Rahotannin nan an rubuta su ne da rayukan mutane, kuma kusan kowanne yana nuna wurin da wani zai iya cewa a'a tun jirgi yana ƙasa.

Da na kashe inji, Kyaftin yana tsaye a bakin rumfa. Na yi niyyar in ce masa hazo ne kawai ya mayar da ni. Da na zo gabansa sai na faɗa masa duka, har da taswirar da ƙafa 900. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Minti nawa tsakanin ɓacewar layin da juyowarka?" Na ce kamar goma. Ya ce, "Rubuta wannan a littafinka, da hannunka." Na rubuta. Ya ƙara mini awa uku a ƙarƙashin hular horo kafin ya sake barina in tashi ni kaɗai. Da dare na kira Baba na ce an fasa, sai wani lokaci. Ya ce, "To, Allah ya kai mu. Ka ci abinci?"

Tafiyar sai a watan Fabrairu na yi ta, wata safiya da iska ta kwanta, ina hango duwatsu tun daga nesa.