Talata: ƙarin Python a kan tsohuwar Windows 7

Aikin yau shi ne ɗora ƙarin Python (wato extension, ƙaramar manhajar da ake ƙara wa edita) a kan VS Code, editan rubuta lambobin kwamfuta, a wata kwamfutar tebur mai Windows 7 da RAM gigabait 4, wadda ba a haɗa ta da intanet ba. An daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, kuma sigar VS Code ta ƙarshe da take tashi a kanta ita ce 1.70.3, ta shekarar 2022. Wannan lambar ce ta juya aikin gaba ɗaya.

Na kawo fayil ɗin VSIX, wato fayil ɗin girka ƙarin, a filashi, na buɗe sashen Extensions, na danna ɗigo ukun nan na sama, na zaɓi Install from VSIX. Nan take ya ƙi, ya ce bai dace da 1.70.3 ba. Dalilin yana cikin fayil ɗin kansa. VSIX ba wani abu ba ne illa fayil ɗin zip da aka sauya wa suna, don haka 7-Zip yana buɗe shi. A cikin foldar extension akwai package.json, a cikinsa kuma akwai layin engines, inda marubucin ƙarin yake faɗin mafi ƙanƙantar sigar VS Code da zai yi aiki da ita. Idan lambar ta haura 1.70, to magana ta ƙare. Da akwai intanet, editan da kansa zai lalubo tsohuwar sigar da ta dace. Mai ɗauko fayil da hannu kuwa sabo fil yake samu.

Akwai dabarar da wasu suke yi ta rage lambar nan da hannu su sake ɗaure fayil ɗin. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ƙarin zai shiga, sunansa ya fito a jeri, amma da zarar ya kira wani aiki da tsohon editan bai sani ba sai ya mutu shiru. Ga shi kuma 1.70 a kan siga ta 16 ta Node, manhajar da ke gudanar da ƙarin, take tafiya, sabbin ƙari da yawa sun wuce nan. Mai son ganin inda abin ya karye ya buɗe Output ya zaɓi Log na Extension Host, a nan kuskuren yake kwance.

Hanyar da ta ɓulle ita ce neman sigar ƙarin da ta fito wajen watan Agusta 2022, a duba layin engines tun kafin a kwafa a filashi. A duba extension.vsixmanifest ma, domin wasu ƙari suna da fayil daban ga kowane tsari, kuma na win32-x64 ba zai yi a injin 32-bit ba. Da wannan, umarnin code --install-extension tare da sunan fayil ya wuce lami lafiya, foldar ta bayyana a cikin .vscode\extensions.

Saura Python kansa: 3.8 ce ta ƙarshe da Windows 7 take ɗauka, 3.9 ko shiga ba ta yi. Pylance kuwa, ƙarin da ke taimakawa da cikon kalmomi, ban ɗora shi ba, saboda a gigabait 4 yana sa injin nishi. Na sa saitin python.languageServer ya koma Jedi, wanda ke yin irin aikin Pylance, kuma cikon kalmomi yana fitowa daidai gwargwado.

Kafin in rufe, a settings.json na mai da update.mode zuwa none, extensions.autoUpdate kuma false, don kada wani abu ya motsa ranar da aka jona injin da intanet. Fayil ɗin VSIX da fayil ɗin girka Python 3.8 na adana su a folda ɗaya a kan injin, na rubuta lambar sigar kowanne a sunansa.