Ciwon baya da gwiwar hannu a wasan golf: abin da ɗakin gashin ƙashi ke koyarwa

Darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna a kan mai aikin gashin ƙashi shi ne, wurin da ɗan golf ke nunawa da yatsa sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Ƙugu bashin kwatangwalo yake biya, gwiwar hannu kuma na yatsu.

Bari mu fara da baya, tunda shi ya fi kawo mutane asibiti. Ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya aikinsu sunkuyawa da miƙewa ne, juyawarsu gefe duka-duka ba ta wuce digiri 15 ba. Juyin da bugun golf ke nema daga kwatangwalo da bayan ƙirji ya kamata ya fito. To ɗauki Alhajin da ya taso daga Agege a Legas, ya sha awa biyu a gosulo kafin ya kai filin golf na Ikoyi, ko ya miƙa hanyar Epe zuwa na Lakowe. Ya fito daga mota kwatangwalo a sanƙare, ya zaro sanda mafi tsawo a jaka, ya kai bugu iya ƙarfinsa. Kwatangwalo ya ƙi juyawa, sai ƙugu ya karɓi aikin da ba nasa ba. Mai buga da dama yawanci a ɓangaren dama zai ji shi, domin nan ne jiki ke lanƙwashewa yana murɗewa lokaci guda.

Maganin wannan ba tsada. Minti goma kafin ramin farko: tafiya da sauri, a ɗora sanda a kafaɗu a juya hagu da dama sau goma, a tsuguna a miƙe sau goma, sannan a fara da gajerun sanduna da rabin ƙarfi. A gida, sau uku a mako, a kwanta rigingine a ɗaga ɗuwawu sau 12, sannan a durƙusa kamar mai rarrafe a miƙa hannun dama da ƙafar hagu tare, a riƙe daƙiƙa goma, a sauya. A ƙare bugu a tsaye ƙyam, ban da gantsarewa baya don hoto ya yi kyau. Ɗauko ƙwallo daga rami kuma da gwiwa ake yi. Yaran da ke ɗaukar jaka ma abin ya shafe su: sanduna 14 a kafaɗa ɗaya tsawon ramuka 18 ba wasa ba ne, jaka mai igiya biyu ko keken ja ya fi.

Idan bayan ya riga ya riƙe, kwanciya kwana da kwanaki ƙara masa taurin kai take yi. A ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan, a gasa da ruwan ɗumi, mafi yawa yakan lafa cikin mako biyu zuwa shida. Ibuprofen ko diclofenac na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma mai olsa ko ciwon ƙoda ya nisance su. Amma in ƙafa ta fara rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, wannan ba na man zafi ba ne, ba kuma na mai ɗori ba. Ranar za a tafi asibiti, irin su asibitin ƙashi na Igbobi.

Gwiwar hannu tana da nata ruɗun. Ciwon da Turawa suka laƙaba wa sunan golf yana a ƙullutun ciki, wajen jiki, inda jijiyoyin tsokar da ke dunƙule hannu suka kama ƙashi. Sai dai a wajen masu wasan sha'awa na ƙullutun waje, wanda ake jingina wa 'yan tanis, shi ya fi yawa, galibi a hannun hagu ga mai buga da dama. Tushensu ɗaya: damƙar sanda kamar za a ƙwace ta, da dukan ƙasa kafin ƙwallo, da narkar bugu ɗari biyu a kan tabarmar roba da siminti a ƙarƙashinta. A Legas gumi na ƙara wa abin gishiri. Safar hannu ta jiƙe, robar mariƙi ta sulɓe, yatsu su ƙara matsewa mai su bai ma sani ba. Safa biyu ana musanyawa, tawul a jikin jaka, da sauya robar da zarar ta fara sheƙi, sun fi kwalin magani amfani.

Jijiya ba ta warkewa da hutu kawai, sai an ba ta aiki da awo. A ɗora hannu kan tebur, wuyan hannu ya leƙo waje, a riƙe nauyin kilo ɗaya, gorar ruwa ta lita ɗaya ta isa. Ciwon waje, tafin hannu ya kalli ƙasa. Na ciki, ya kalli sama. A ɗaga da taimakon ɗaya hannun, a sauke a hankali ana ƙirga huɗu. Sau 15, zubi uku, kullum. Ɗan zafi ba komai, amma in washegari ya fi jiya, a rage nauyin. Ɗamarar roba da ake sa wa hannu don wannan ciwo ana ɗaura ta yatsa biyu ƙasa da gwiwar, ba a kanta ba. Nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa, don abin yakan ɗauki wata uku, wani lokaci fiye, sai su nemi allurar kotizon. Tana kashe zafin na 'yan makonni, amma ciwon ya fi saurin dawowa ga waɗanda aka yi wa ita, shi ya sa ba ita ake farawa da ita ba.

In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yam-yam ko suna mutuwa, wata jijiyar ce daban, mai kai saƙo, wadda ta ratsa bayan ƙullutun ciki, kuma sai likita ya duba. Komawa fili ana fara ta da gajeren bugu a kan ciyawa, ramuka tara kafin 18, dogon sanda shi ne na ƙarshe da za a zaro.