Ranar da na ƙona magniziyam da farar wuta a gaban ɗalibaina

Na shafe shekaru ina koyar da ilimin sinadarai a wata makarantar sakandare da ke Kaura Namoda, kuma duk lokacin da muka zo darasin yadda sinadarai ke ƙonewa cikin iskar oksijin, allo da alli kawai nake amfani da su. Ɗalibai sukan haddace komai domin jarrabawar WAEC, amma idan na tambaye su inda abin da ya ƙone yake tafiya, sai su ce wuta ta cinye shi. Wannan amsa ta daɗe tana damuna, shi ya sa a hunturun bana na ƙudura sai sun gani da idonsu.

Da yake ba mu da tukunyar oksijin, sai na sayo ruwan haidirojin feroksaid a kemis, na zuba masa baƙin garin cikin tsohon batir, wanda ke ɗauke da manganis dayoksaid, na tara iskar oksijin da ta fito a kwalabe ta ƙarƙashin ruwa. Garwashin gawayi da ya kusa mutuwa na fara sakawa, nan take ya farfaɗo ya yi jawur. Wani yaro ɗan gidan maƙera ya ce, “Malam, ai aikin zugazugi ke nan.” Ya yi gaskiya, domin oksijin kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa, kuma maƙeri ƙara wa gawayinsa ita yake yi.

Magniziyam, wani ƙarfe mara nauyi da ke kama wuta, shi ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ya fi koyar da mu. Haskensa fari ne fat mai kashe ido, saboda haka na hana kowa ƙura masa ido. Mun auna shi kafin ƙonawa da bayanta, amma karon farko lissafi bai fito ba, domin na bar murfin kaskon a buɗe, farin hayaƙin ya tsere da wani ɓangare na tokar. Da muka sake, muna ɗaga murfin kaɗan-kaɗan, sai ga toka ta fi ƙarfen nauyi. Ajin ya yi tsit. Na bayyana musu cewa giram 24 na magniziyam yana haɗewa da giram 16 na oksijin ya ba da giram 40 na magniziyam oksaid, wato ƙarin nauyin daga iska ya fito.

A kan farar wuta, wato sinadarin salfa, na yi kuskuren da har yanzu nake nadama. Saboda sanyi da ƙura tagogi a rufe suke, kuma hayaƙinta mai shaƙe maƙogwaro ya sa wata yarinya mai asma tari har sai da muka fitar da ita waje. Tun daga ranar, a bakin taga nake ƙona ta, ɗan kaɗan, bayan na tambayi masu ciwon ƙirji.

Takardar litmos da ake gwada asid da ita ta ƙare mana, sai muka jiƙa zoɓo a madadinta. Ruwan da hayaƙin farar wuta ya narke a ciki ya bar zoɓon da jansa, alamar asid, shi kuwa ruwan tokar magniziyam ya juya shi ya yi kore-kore, alamar alkali, kishiyar asid. Washegari yara biyu suka zo da ruwan tokar murhu daga gida, suna son mu gwada shi da zoɓo.