Manhajar da ka ɗauko daga waje 'yar riƙonka ce

Kwamfuta biyar gare ni a shagona na Tudun Wada, kuma duk Ubuntu 22.04, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na ɗora musu tun shekarar da ya fito, 2022. Yara na koyon buga rubutu a kansu, masu cike fom kuma ba sa yankewa, balle lokacin rajistar JAMB. Duk Asabar da sassafe, kafin a ɗauke wuta, sai in buga apt update da apt upgrade, umarnin da ke ɗauko sababbin gyare-gyaren manhajoji daga rumbun Ubuntu, in koma kan shayina hankali kwance.

A watan Satumbar 2023 hankalin ya tashi. An gano ɓaraka a libwebp, wani ɗan guntun manhaja da ke buɗe hotunan WebP. Hoto ɗaya da aka haɗa da mugun nufi ya isa a kutsa maka. Ubuntu ta fitar da gyara, Chrome da Firefox ma haka. Abin da ban lura da shi ba, manhajoji da yawa kowace tana goye da nata kwafin libwebp ɗin, gyaran da aka yi wa na Ubuntu bai shafe su ba.

Na buga apt list --installed don ganin jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, ina bi layi-layi, sai ga wasu an rubuta musu local a gefe. Ma'ana ba rumbun da apt zai je ya tambayo sabonsu. Cikinsu har da wata manhajar hira da na sauko da fayil ɗinta na .deb da hannuna, ta fi shekara ba wanda ya waiwaye ta. Yaron shagona ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Oga, ba ka ce komai da kansa yake sabuntawa ba?" Wallahi na ji nauyi, don lambobin NIN na mutane ake shigarwa a injinan nan, amana ce.

Ko unattended-upgrades, mai ɗauko gyara da kansa, da na dogara da shi, a yadda ya zo, gyaran da ya fito daga rumbun Ubuntu kaɗai yake ɗaukowa. PPA (rumbun da wani mutum ya buɗe da kansa) ko rumbun wani kamfani sai ka ƙara shi da kanka a fayil ɗin 50unattended-upgrades. Snap, wata hanyar ɗora manhaja ta daban, kan duba sabo sau huɗu a rana, yana cin data, amma gara hakan. AppImage kuwa, manhajar da ke zuwa a fayil guda ba sai an ɗora ba, inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi.

Na yi rajistar Ubuntu Pro, tsarin ƙarin gyaran tsaro na Ubuntu, kyauta ce har kwamfuta biyar, saboda manhajojin universe, ɓangaren rumbun Ubuntu da 'yan sa-kai ke kula da shi, su ma su riƙa samun gyara. Sauran na rubuta sunayensu a takarda na manna a bango kusa da firinta, kowace da ranar da na duba ta. Guda bakwai ne da farko. Uku na goge a ranar, tunda ba mai buɗe su.