Daga Kasenyi zuwa Bunia

Daga Uganda muka ƙetare tafkin Albert a kwale-kwalen inji, muka sauka Kasenyi a lardin Ituri na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Jami'in bakin ruwa ya juya fasfona kamar bai taɓa ganin irinsa ba, ya daka mini tsawa, ya ce sai na biya kuɗin da ba shi da rasit. Da na miƙa dala, ya wurgo mini ita saboda gefenta ya ɗan yage. Can ko mai shago ba ya karɓar tsohuwar dala, alhali a Wapa da an karɓe ta ba musu.

Hanya ta hau dutse ta bi ta Bogoro. Direba ya rage gudu, ya ce a nan aka kashe mutane wajen 200 a Fabrairun 2003, galibinsu 'yan ƙabilar Hema. Shari'ar wannan kisan ce ta kai madugun 'yan bindiga Germain Katanga kotun duniya ta Hague.

A Bunia, babban birnin lardin, wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya sauke ni, ya ƙi karɓar ko sisi. Matarsa ta kawo tuwon rogo da miyar ganyensa da gasasshen kifi, tana ta ƙaro mini. Shi Hema ne, ita 'yar ƙabilar Lendu. Ya ce Turawan Beljiyam ne suka rubuta cewa Hema makiyaya an haife su don mulki, Lendu manoma kuwa don ƙwadago. A kan haka suka raba makaranta da muƙami, suka tura Lendu ramukan zinare. Dokar filaye ta shugaba Mobutu ta 1973 ta buɗe ƙofar sayar da gona mai noma ta bai sani ba, sai wuta ta tashi tsakanin ƙabilun biyu a yankin Djugu na Ituri a 1999, ta ci rayuka sama da 50,000.

Abin da ya girgiza ni: Hema na arewa da harshen Lendu suke magana. Amma a kasuwa na ji yaro ɗan shekara ashirin yana cewa "ai su haka suke." Kalmar nan na sha jin ta a gida tsakanin manomi da Bafulatani, kuma raina ya ɓaci.

Matar dattijon takan je zaman sulhu da matan ɓangarorin biyu. Ta ce ba sa fara wa da tarihi. Da rijiya da burtali suke farawa.

Djugu an hana mu zuwa saboda hare-haren CODECO, wata ƙungiyar 'yan bindigar Lendu. Kuɗin jirgin komawa Entebbe a Uganda ya yi tsada fiye da kima, na biya.