Wa Ya Ba Ka Wuƙa da Nama?

A shekarun da na yi ina sakataren wata ƙungiyar ma'aikata, babu aikin da na fara rainawa kamar tura wakilai, domin a ganina abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi mai iya baki, a ba shi takardar gabatarwa, a yi masa fatan alheri. Wata tattaunawa da hukumar gudanarwa kan bashin alawus ce ta raba ni da wannan tunani.

Mun tura mutum uku, muka ce su je su karɓo mana haƙƙinmu, ba mu ƙara musu ko kalma ɗaya ba. Bayan an kai ruwa rana, hukuma ta kawo tayin biya kashi-kashi, shi kuwa jagoran tawagarmu, ganin cewa hakan ya fi a dawo hannu rabbana, sai ya rattaba hannu. Da ya karanta takardar a babban taro, zaure ya yi tsit, har wani dattijo ya miƙe daga can baya ya ce, "Malam, wa ya ba ka wuƙa da nama?" Jagoran ya juyo ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, saboda babu inda muka rubuta an ba shi, babu kuma inda muka rubuta an hana shi. Taro ya yi watsi da yarjejeniyar, kuma da muka koma teburin tattaunawa, abin da aka fara tambayarmu shi ne ko maganar waɗanda suka zo yau za ta tsaya.

Daga baya na fahimci cewa ƙasashe ma sun daɗe da sanin wannan matsala. Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1969 kan dokar ƙulla yarjejeniyoyi ta tanadi cewa wakili ya nuna takardar cikakken iko kafin a ɗauke shi mai magana da yawun ƙasarsa, in ban da irin su shugaban ƙasa, shugaban gwamnati da ministan harkokin waje, kuma abin da marar izini ya ƙulla ba ya aiki sai ƙasar ta amince da shi daga baya. Ko shugaba ma bai tsira ba: shugaban Amurka Woodrow Wilson da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar Basai (Versailles) ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1919, amma Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da ita, don haka Amurka ba ta taɓa shiga Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe (League of Nations) da shi ya yi ta fafutukar kafawa ba.

Tun daga wancan babban taro namu, ba ma sallamar tawaga sai mun zauna mun rubuta abin da za ta iya amincewa da shi nan take, da abin da dole ta dawo da shi gida, da wanda ba za ta ma saurara ba. Abin mamaki, wannan zama na cikin gida yakan fi na waje zafi, domin a nan ne ake gane cewa waɗanda ke kururuwar haƙƙi ɗaya ba su yarda da juna kan mafi ƙarancin abin da za su karɓa ba.

Duk da haka ban goyi bayan masu ɗaure wakili tamau ba. Wanda ba zai iya cewa ko "to" ba sai ya buga waya ya zama ɗan kai saƙo kawai, kuma ɗaya ɓangaren yakan gane haka cikin mintuna, sai su fara neman wanda ke da ta cewa su bar shi zaune. Abin da muka koya wa wakilanmu shi ne neman a ɗan dakata idan tayi ya wuce iyakarsu, tare da rubuta a saman kowace takarda cewa sa hannunsu yana jiran amincewar babban taro. Jagoran nan da aka kunyata shi muka sake turawa a shekarar da ta biyo, kuma kafin ya tashi sai da ya sa na karanta takardar izininsa da ƙarfi a gaban kowa.